Motar Kawu a Saman Shafi

Kawuna bakanike ne, kuma tun ina ƙarama Rediyo ake ce masa a gareji, don in ya buɗe baki sai dai ka nemi wurin zama. Ka kawo masa mota tana tari, zai gyara ta tsaf, amma kafin ya miƙa maka makulli sai ka ji tarihin filogi tun daga kakanninsa. Mutane suna haƙuri da shi saboda hannunsa na da kyau. Da ciwon baya ya hana shi kwanciya a ƙarƙashin mota, babbar 'yarsa ta karɓi garejin. Yaya muke ce mata. Ta gaji hannunsa, ba ta gaji bakinsa ba. In ta yi maka magana biyu a jere, ranar tana cikin nishaɗi.

Ni ce mai haɗa shafukan intanet a dangi, don haka ni na yi wa garejin shafin da masu mota ke kama layin gyara. Kawu ya roƙi a ba shi lungu guda a cikin shafin. Nan ya koma da surutunsa. Kullum yana kan ɗan teburi tsakanin tarin tsofaffin tayoyi da firijin da ya daina sanyi, yana buga shawarwari da yatsa ɗaya: birki, batir, baƙin mai. Rubutun na da amfani, wallahi, sai dai maganin matsalar yana can ƙasa, bayan gaisuwa da labarin wata mota da ya gyara kafin a haife ni.

Wata rana Yaya ta duba alƙaluman shafin, ta ga kusan kowa a farkon rubutun yake juyawa.

"Baba, ba a karantawa," ta ce. "Ƙarshen wata zan cire lungun nan."

Kawu ya mayar da idonsa kan teburinsa. Ban taɓa jin garejin ya yi tsit haka ba, kuma abin ya sosa min rai, don wannan lungun ne kaɗai aikin da ya rage masa.

Na zauna a bencin masu jira ina leƙen wayar wani mai tasi. Ya ja shafin da yatsa, ya ja, ya sake ja, sannan ya ce, "Wannan abu yana da ƙarshe kuwa?" Ya rufe. A nan na gane ba tsawon ne kaɗai ke korar mutane ba, har da rashin sanin saura nawa.

Na sa wani siririn layi a saman shafin. Yana auna inda mai karatu ya kai da tsawon rubutun gaba ɗaya, yana cika daga hagu zuwa dama. Na nuna wa Kawu. Ya gyara tabarau ya ce, "Ai allurar mai ce kika yi. To ina motar?"

"Wace mota, Kawu?"

"Hanya ba mota? 'Yar nan, sa mata mota."

Na zana 'yar jar mota a kan layin. Ya ja shafin, motar ta motsa, ya yi dariya har da tafi. Can sai ya ɗaure fuska.

"Motarki tana ribas."

Na ce ba zai yiwu ba. Ya nuna min, kuma da gaskiyarsa: ta yi gaba, sai ta zame baya. Na sha kunya. Ashe hotunan injin da yake sakawa ne ke makara wajen buɗewa. Da sun buɗe sai shafin ya ƙara tsawo, lissafin ya canja. Na ware wa kowane hoto gurbinsa tun kafin ya buɗe, motar ta daina ja da baya. Kawu dai ya gaya wa duk wanda ya shigo cewa shi ya gano giyarta ta lalace.

Abin da ban zata ba shi ne motar ta kama shi kansa. Ya karanta rubutunsa na birki, ya ga ta kai rabin hanya shi kuwa bai gama gaisuwa ba. "Kai," ya ce, "ko ni ne fasinja na sauka." Ya zauna yana yanke zancensa da hannunsa, yana tsaki kamar ana cire masa haƙori.

Alƙaluma suka tashi, muka fara murna. Sai mai tasin nan ya dawo yana wasa Kawu, wai yaransa har faɗa suke yi kan wanda zai kai motar ƙarshe. Yaya ta ɗago daga cikin injin da take kwancewa.

"Wasan yara ba karatu ba ne," ta ce.

Layin yana nuna an kai ƙasa, ba ya nuna an karanta.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, da hantsi, Yaya ta nufo teburin Kawu da waya a hannu, fuska ba walwala. Na ce a raina shi ke nan.

"Baba, abin da ka rubuta a ƙarshen na baƙin mai ba daidai ba ne. Motocin yanzu ba a yi musu juye da wuri haka. Za ka sa mutane asara."

Kawu ya cire tabarau a hankali. "A ƙarshe kika ce?"

"Layin ƙarshe."

"Kin kai can?"

Yaya ta kawar da kai, tana goge hannu da tsumma. "Na ga saura kaɗan ne, sai na ƙarasa. Ka gyara shi. Kuma ka yi ɗaya a kan lagireto, sati mai zuwa nake so."

Bai gyara nan take ba, ina! Ya jawo mata kujera, ya ce ta zauna ya nuna mata inda ta yi kuskure. Ta zauna. Suka yi ta musu har la'asar, ita da maganarta ɗaya-ɗaya, shi da tasa buhu-buhu, yana dariya yana share ido da bayan hannu.