Kanwar Inna Kande da Kogi Ya Sha

Cikin duk shekarun da na yi ina dillanci a kasuwar Birnin Kudu, ranar da Inna Kande ta zo rumfarmu ba ta fita raina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara.

Tsarinmu a lokacin shi ne na yau. Sarkin Kasuwa ne a sama, sai Sarkin Dillalai, sai mu da muke haɗa mai saye da mai sayarwa mu karɓi la'ada, wato ladan tsayawa tsakani. Bayan girbi ne, Sarkin Dillalai ya kira ni, na tarar da wata dattijuwa a zaune gefen tabarma, ita ce Inna Kande. Daga Gwaram ta zo. Mijinta masaƙi ne, ya rasu ya bar ta da jikoki marayu. Ta sayar da zaren da ta daɗe tana kaɗawa, tana son kuɗin da ta samu su riƙa haihuwa, kada ci ya ƙare su.

Sarkin Dillalai ya ce mini, "Audu, Inna ba ta taɓa juya dukiya ba. Kada ka haɗa ta da kowa tukuna. Zaga da ita ta gani."

Muka yi kasuwanni da dama muna zagawa. Na kai ta wajen ma'auna ta ga yadda gero ke araha da kaka ya yi tsada da bazara, na kuma nuna mata wanda ƙwari suka ɓata a rumbu. Na kai ta karofi wajen masu rini, na kai ta kara wajen awaki. Ba ta da yawan magana, sai dai ta taɓa kaya ta shinshina. Daga ƙarshe hankalinta ya kwanta da wani falke, Malam Ɗanjuma, mai kai saƙi gabas ya sayo kanwa. Ita ta ba da jari, shi ya yi tafiya, su raba riba.

Ana shirin ƙullawa ta ce, "Ɗan nan, duk riba kuke ta faɗa mini. In kaya suka salwanta fa, wa ya yi asara?"

Na ce wannan ta malamai ce. Muka je zauren Malam Habu, ya warware mata: sunan wannan ciniki ƙiradi. In aka yi asara ba da sakaci ba, mai jari ya rasa jarinsa, falke ya rasa wahalarsa, babu mai bin wani. Ta ce to ba za ta ba da duka ba. Ta ba Ɗanjuma kashi ɗaya cikin uku, sauran ta sayi awaki da gero.

Ayarin su Ɗanjuma ya makara a hanyar dawowa, ruwan farko ya riga su. Wajen ƙetare kogi kusa da Gwaram jakunansa biyu suka zame. An ceto jakunan, kanwa kuwa ta narke a cikin mangalar da aka ɗora musu a baya.

Ƙannen mijinta suka taso har rumfarmu, wai sai an kai Ɗanjuma gaban alƙali, ni ma da na haɗa su in zo in yi bayani. Ɗanjuma na tsugune, ya kasa ɗaga kai. Na tsorata, domin dillali ba shi da abin da ya wuce sunansa.

Inna Kande ta tambayi abokan tafiyarsa ko ya yi ganganci. Suka rantse a mashigin da kowa ke bi ya bi. Ta juya ga ƙannen mijinta.

"Dukiyar marayu ce, ta fi yi mini zafi a kanku. Amma an faɗa mini wannan tun kafin in miƙa, na ji, na yarda. Ku bar bawan Allah ya tashi."

A shekarar sun sha wuya, sai da ta sayar da geron tun bai kai tsadarsa ba. Da awakin suka hayayyafa, ta sake ba Ɗanjuma jari, ƙarami.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, sabon shiga ba ribarsa za ka fara lissafa masa ba. Fara nuna masa ƙofar da asara ke shigowa, da wanda za ta faɗa wa. Wasu in sun ji sai su naɗe tabarmarsu su tafi, la'adarka ta bi su. Bar su su tafi. Wanda ya zauna bayan ya ji, shi za ka iya duban idonsa ranar da labari marar daɗi ya iso.