Jirgin Gazuwal na Illa Makanike

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai abokina Illa makanike makwancinsa a Madarumfa. Ciwon kwana uku ya yi. Ni kuwa a lokacin wata biyar ba na yi masa magana, kuma a kan wasa ne. Tun da nake ban taɓa faɗar wannan a bainar jama'a ba sai yau.

Illa ya yi ƙuruciyarsa yana bin manyan motoci zuwa Paraku ta ƙasar Benin, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan Nijar. Can ya ga jirgin kaya mai shan gazuwal, wato man dizal, ya dawo ba shi da zance sai nasa. Can kuma ya ga wasu na wani wasa a kan tebur, mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin. Da ya zauna gida yana gyaran injin ban-ruwa a bakin tafki, sai ya ƙago nasa. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a rumfarsa, shi da ni da Mushe Abdu malamin makaranta (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ga shayi, ga taswirar da ya zana a bayan takardar siminti, ga ƙwayoyin lido biyu.

Labarin a wata duniya yake mai rana biyu, shekara ɗari uku nan gaba, bayan mutane sun yi ƙaura can. Jirage na yawo tsakanin taurari, amma a ƙasa jirgin gazuwal ne ke jan hatsi da gishiri. Mushe Abdu ya sha yi masa tsiya, wai mutanen da suka kai taurari ne za su zauna suna shaƙar hayaƙi? Illa ya ce, "Mushe, abin da makanike ba zai iya kwancewa a gindin bishiya ba, ba na talaka ba ne." Illa ne mai ba da labari, Mushe ne mai kula da inji, ni direba. Kai, na ji daɗin tuƙin nan! Ni da ko keke sai da na girma na iya, ga ni da wagunu arba'in, taragu ke nan, a baya.

Sai ga wata shekara damina ta yi gardama. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, na cika sito da gero ina jiran farashi ya hau in tsallaka da shi Najeriya ta Ɗan Issa. Kowa ya sani, ba wanda ya ce mini uffan. Ran wata Lahadi muna cikin wasa, jirgina ɗauke da hatsi, Illa ya ce ga mutane nan tsaye a bakin layi riƙe da ƙorai. Dokar wasan kuwa, in ka tsayar da jirgi mai nauyi, tayar da shi na cinye gazuwal, mai yiwuwa ba ka kai babbar tasha ba. Na ce mu wuce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce sunan ƙauyen Rijiyar Kuka, kuma tsohuwar da ke gaba Inna Hajo ce. Rijiyar Kuka ƙauyen mahaifiyata ne, Inna Hajo kuwa yayarta.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Illa, wasa muke ko wa'azi?" Ya ce, "Tuƙi ake, Mamman. Kai ne direba." Na ture ƙwayoyin, na sa takalmina na fita. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma ta fi ɗaci in ta fito daga bakin wanda kuka yi kiwon awaki tare. Na sayar da gerona kamar yadda na shirya. Na aika wa Inna Hajo buhu ɗaya, ba don tausayi ba, don kada a ce.

Yanzu ga shi ana ta zancen layin dogo zai iso Maraɗi, jikokina na nuna mini hotuna a waya. Nakan ce da Illa na nan da ya riga kowa zuwa, ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin inji har a kore shi. Na san ba saurin jirgin zai tambaya ba. Zai tambaya ko zai tsaya a ƙananan garuruwa, ko kuwa hayaƙi kaɗai za su samu. Wasannin da yara ke yi a waya kuma, ina jin da ya yi tsaki, ya ce wane irin wasa ne wannan da ba a kallon idon juna?

A wata biyar ɗin nan sau biyu na kama hanyar rumfarsa, sau biyu ina juyawa daga bakin kasuwa. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har da kunnuwa. Ina cewa sai bayan Salla, Salla ta wuce, na ce sai an yi shuka. Ana cikin shukar aka aiko mini cewa ya rasu.

Ran sadakar uku na tambayi Mushe Abdu wa ya karɓi tuƙin bayana. Ya dube ni ya ce ba kowa. Kowace Lahadi Illa kan shimfiɗa taswirar, ya ajiye kofi uku, su sha shayi, ya naɗe ta. Mushe ya ce ya roƙe shi ya bar shi ya ja jirgin, sai Illa ya ce, "A'a, direban ya sauka shan iska ne, yana dawowa."

Illa bai bar gida mai siminti ba, injinan da ya gyara duk sun zama ƙarfen awo. Abin da ya bari a wurina shi ne, har yau in mabukaci ya tsaya a ƙofar sitona na ji bakina na shirya uzuri, sai kunya ta kama ni. Wani lokaci in buɗe, wani lokaci, Allah Ya yafe mini, in wuce. Allah Ya haskaka kabarinka, Illa, Ya yafe maka kurakuranka. Ka jira ni Lahadi ashirin, ban zo ba.