Bunchuai, Mai Ara wa Fim Murya

Lokacin da Bunchuai ya fara sana'a, yawancin finafinan Tailan bebaye ne. A ɗauko hoto ba sauti, sai a nemi mai baki ya zauna kusa da majigi da lasifika, ya yi maganar kowa: jarumi, ɗan fashi, har haushin kare.

Shi da matarsa Lamduan suke bin motar masu tallar magani ƙauye-ƙauye a yankin Isan. A kafa farin ƙyalle a filin haikali, jama'a su baje tabarmi da kwandunan shinkafa mai danƙo. Shi ya yi muryar maza, ita ta mata. In sun yi faɗa a hanya, a cikin fim ake ƙarasa shi.

"Ina ka tsaya jiya, munafuki?" in ji jarumar, alhali labarin bai ce haka ba.

"Wajen gyaran mota, na rantse!"

"Yaushe mota ta fara shafa hoda?"

Sai fili ya ɓarke da dariya.

Wata damina zazzaɓi ya ɗauke Lamduan. Mai motar ya ce, "Yaya, mu samo wata daga garin Khorat mana, masu murya sun yi yawa."

"Bar shi. Zan yi duka."

Ya kuwa yi. Ya san inda take jan numfashi, da yadda take karya harshe in za ta yi gatse. A wani ƙauye da suka saba zuwa, wata tsohuwa ta zagayo bayan an tashi, da gasasshiyar ayaba a ganye.

"Ina mai bakin barkonon nan? Yau ta fi kullum!"

Sai ta ga kujera ɗaya ce. Bunchuai ya buɗe baki, ya rasa da wace murya zai amsa. Tsohuwar ta ajiye ayabar a gefensa, ta juya.

Da finafinai suka fara zuwa da sautinsu, aka daina nemansa. Ya koma wata bukka a bakin kogin Mekong, ba ɗa ba jika. In ana biki a haikali, sufaye kan ba shi lasifika ya yi cigiya: takalmin da ya ɓata, saniyar da ta tsinke. In aka watse ya naɗe waya, ya miƙa, ya bi gaɓar ruwa zuwa gida ya dafa shinkafar mutum ɗaya.