Kwanon da Ya Koma Cike

Zamanin soja ne, lokacin da nama ya ƙaurace wa tukwanenmu a Makarfi. Miya sai gyaɗa, kwaɗo sai ƙuli-ƙuli. A shekarun nan aka turo wani malamin makaranta daga kudu, Kirista, ya kama haya jikin katangarmu shi da matarsa.

Ranar da na fara kai mata tuwo ta karɓa da hannu biyu, ta sunsuna, ta ce in yi haƙuri, gyaɗa ba ta karɓarta. Ko kaɗan ta taɓa sai borin jini, maƙogwaro ya toshe. Na ji, na riƙe. Nata sai miyar kuka da man shanu.

Amma ƙanwar maigidanmu, mai bakin da ba ya hutawa, ta bi gida-gida tana cewa ƙyamar abincin Musulmi ce kawai. Wai ina aka taɓa jin gyaɗa ta yi wa mutum illa? Matan unguwa, masu kai kamar na tumaki, suka ɗauka. Aka daina amsa gaisuwar baiwar Allah a bakin rijiya.

Sai ranar suna a gidanmu. Ƙanwar nan ta dire mata taushe a gaban taro, gyaɗa har ta yi kauri, ta ce, "Matar Malam, yau dai a daure a ci na talakawa."

Na miƙa hannu zan janye kwanon. Matar Malam ta riƙe min wuyan hannu. "Bari, Yaya. Na gaji da zaman da ba mai gaishe ni."

Ta kai loma. Ba a gama raba goro ba leɓenta ya kumbura, numfashi ya koma kamar ana busa kara. A bayan akori-kurar rake aka kai ta asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana.

Masu baki suka koma cewa ai da ta faɗa. Ta faɗa mana! Kunnuwan ne na ado.

Da aka sallamo ta, ga ƙanwar nan ta sha lulluɓi, ta zo dubiya da kwano a kai. Na tare ta a zauren gidan Malam, na sauke kwanon na ɗaga murfi. Kunun gyaɗa ne, wai abincin mara lafiya.

Na mayar da murfin, na ɗora mata kayanta a kai, na juya ta ta fuskanci ƙofa.