Gyambon Kawuna da Soson da Na Riƙe

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba, don an jima, kuma wataƙila na haɗa damina biyu wuri guda. Ina dai zaton shekarar da aka sami 'yancin kai ce, ina hutun makarantar horon malamai, na sauka gidan kawuna a Illo.

Kawu fatauci yake yi da jakuna zuwa ƙasar Dahomey, tsallaken iyaka, ƙafarsa ce sana'arsa. Na tarar da gyambo ya kama masa ƙwauri. Warin ya riga ni shiga zaure. Ƙudaje sun yi baƙi a kan tsumman da aka ɗaure ciwon da shi, mugunya ta jiƙe shi har ya manne. Da aka ɓare, sai ga wani jan nama a tsakiya, gudaji-gudaji kamar cikin rumman, yana ƙyalli, da an taɓa sai jini. Na fita bayan gida na yi amai.

Wanzamin unguwa ne ke wanke shi, ya ɗiga zuma, ya rufe da ganye. Ya ce kada kowa ya taɓa jan naman. Ni kuwa an koya mini tsabta a aji, kuma ƙyamar abin ta hana ni cin tuwo. Na shawo kan Kawu cewa ruɓa ce. Kowace safiya na riƙa dirje wurin da soso da sabulu har gudajin su fita, kwano ya yi ja. Kawu yana cije bakin riga, bai taɓa hana ni ba.

Da wanzamin ya gani, sai ya juyo gare ni.

"Ɗan boko," ya ce, "jan naman nan yana gini, kai kana rushewa. Wa zai gaji tsakaninku?"

Na amsa masa da maganar da ba ta dace da girmansa ba, ya tattara zabirarsa bai sake dawowa ba.

Sai a jami'a, bayan shekaru, na gane abin da nake kankarewa. Iyakar fahimtata, waɗannan gudajin sababbin jijiyoyin jini ne. Ƙwayoyin halittar da ke bakinsu kan narkar da naman da ke gabansu kaɗan-kaɗan su buɗe hanya, su bar saƙar da fata za ta hau. Ranar na gane ginin da wanzamin yake nufi.

Gyambon ya rufe bayan na koma makaranta, sai dai ya faɗaɗa, tabon ya ɗaure idon sawun. Kawu ya sayar da jakunan. Ba ni da tabbacin sosona ne kaɗai sanadi, ba kuma zan ce ba shi ba ne.

In da sauran wanda ya zauna a zauren nan a lokacin, daga Illo ko maƙwabciyarta Kende, ya aiko mini da gyara, ko da gyaran zai ƙara mini laifi.