Awakin Iya da Wayar Hita

'Yan ƙauye sai su yi ta mana burga wai a bakin murhu suka sha tatsuniya. Mu 'yan Sharaɗa ma a bakin wuta muka sha tamu, sai dai wutarmu a soket ake jona ta. Kawu Sale, ƙanen babarmu da ke aiki a kamfanin roba, shi ya haɗa wa kakarmu Iya hita: murɗaɗɗiyar waya kwance cikin faifan laka. In ta yi ja, sauro ma daga ƙofa yake sallama ya juya.

Bayan isha'i sai mu zagaye ta, Iya na dafa shayi tana tsokanata: "Maigida, matsa, wannan ƙaton kan naka ya tare min wuta."

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Wayar takan tsinke, Kawu ya yanke wurin da ya ƙone ya ƙulla sauran. Kullum tana gajarta, kullum tana ƙara ja. Ya za a rage abu ya ƙaru? Wata rana na tambaya, Kawu na zaune da filaya yana ƙara yanka. Iya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Wai wani mutum ne, Turau, kullum yana koro awakinsa gida ta wani dogon lungu mai kwana-kwana. Ƙarfin korarsa ɗaya ne yau da gobe. Lungun ke rage musu gudu, sai su shigo ɗai-ɗai. Ɗansa ya ga hanyar ta yi nisa, ya fasa katanga ya gajarta lungun. Awaki suka fara shigowa bibbiyu. Ya ji daɗi, ya ƙara fasawa.

"Iya, da ni kuke?" in ji Kawu.

"Da awaki nake. Amma ɗakin nan shi kaɗai gare ni, Sale."

Ya yi dariya ya jona. Wayar ta wuce ja ta doshi fari, shayi ya tafasa kafin a nemo kofi. Ina cewa "Sai me ya faru?" sai ƙauri ya tashi, soket na narkewa yana ɗiga kan tabarma. Kawu ya fita da gudun da ko a filin ƙwallo ban taɓa gani ba, ya zare fiyus. Cikin duhu Iya ta ce, "To, ga su nan sun iso."

Washegari aka koma gawayi. Na yi ta roƙon ƙarshen labarin, ta ce kaina ya yi girma, in nemo da kaina.

Sai da na zama mai gyaran wuta a wani kamfanin fata a Challawa na nemo shi. Na ɗora mita kan wata hita: bolt 230, ƙarfin turo wuta kenan, wato korar Turau; amfiya 5, yawan wutar da ke wucewa kenan, wato awakin. Raba bolt da amfiya, ka sami om 46, turjiyar waya kenan, wato lungun. Ninka bolt da amfiya, wat 1,150, zafin kenan. Yanke rabin wayar: om 23, amfiya 10, wat 2,300. Turau bai ƙara ƙarfi ba, awaki ne suka ninka, soket ɗin Iya kuwa ƙofar akurkin kaji ce.

Har yau ina mamakin yadda ta gane, ita da kallon jan waya kawai take tana juya shayi. Shekaru ina ƙorafin ta hana ni ƙarshen tatsuniya, ashe a gabana aka ƙare ta, har da hayaƙi.

Ƙurunƙus, kan soket.