Baba Fasinja

Akwai wata safiyar Laraba da ko na tsufa na rikice ba na jin za ta fita daga raina, wato ranar da na fara hawa babban titi da mota.

A lokacin muna zaune a unguwar Mairi. Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan Chadi da rikici ya koro shi da matarsa, suka tsallako ba takarda ko ɗaya. A can ƙasarsu direba ne tun yana saurayi. A nan kuwa lasisi ya gagare shi, don duk ofishin da ya je sai a nemi shaidar zama, shi kuma ba shi da ita. Sai ya koma sayar da gawayi. Muna ce masa Baba, matar kuma Iya. Shi kuma "binti" yake ce min, wato 'yata.

Maigidana ɗan fatauci ne, yakan daɗe a Kano, tsohuwar motarsa na ajiye a gindin darbejiya. Duk Juma'a Baba zai zo da bokiti ya wanke ta ba wanda ya sa shi. Na lura yana shafa sitiyarin ta taga, amma bai taɓa zama a kujerar ba.

Da ciwon ƙoda ya kama Iya, aka ce sai an riƙa kai ta asibiti wankin ƙoda. Jijjigar keke napep kuwa na wahalar da ita, takan dawo kamar ba rai. Maigidana ya miƙa wa Baba makulli. Baba ya mayar da hannu baya.

"Alhaji, in na buge ɗan mutane, inshora ba za ta san da zamanmu ba tunda ba ni da lasisi. Kai ka shiga uku, ni a mayar da ni iyaka. Wa zai zauna da tsohuwar nan?"

Ban san sanda bakina ya ce, "To ni a koya min mana" ba. Maigidana ya yi dariya har da tari, amma ya amince.

A wani fili bayan unguwa Baba ya koya min, da baki kawai. Yana gefe yana taka birkin da babu shi, yana cewa, "Binti, kuloci ba turmi ba ne, daina kirɓa shi." Haka har na ci gwaji na karɓi lasisi, maigidana ya sabunta inshorar motar.

Ranar Larabar muka kwantar da Iya a baya, na yi bismillah muka kama hanya. Lafiya lau muke tafe sai ga shingen masu duba takardun mota. Garin rage gudu ƙafata ta zame daga kan kuloci, mota ta mutu a tsakiyar titi. Na murza makulli, ta ƙi. Masu keke suka cika mu da hon, wani ya leƙo yana cewa, "Hajiya, a koma kicin!" Iya tana nishi a baya.

Na ga hannun Baba ya kama marfin ƙofa. Na san abin da ke ransa: ya zagayo ya karɓe ni, cikin ƙiftawar ido ya fitar da mu. Ga kuma jami'i yana tahowa. In ya same shi a kan sitiyari, tambayar lasisi za ta jawo tambayar takardun zama.

Na ce, "Baba, don girman Allah ka zauna."

Ya dube ni, ya dubi Iya. Sai ya saki ƙofar ya haɗa hannuwansa a cinya. A hankali ya ce, "Cire giya. Taka kuloci har ƙasa. Yanzu murza." Mota ta tashi.

Jami'in ya iso, na miƙa masa lasisi da takardar inshora. Ya duba, ya leƙa ya ga Iya, sannan ya tsayar da ido a kan Baba.

"Baba, kana zaune mace na jan ka? Ba ka iya ba ne?"

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari ya yi murmushi ya ce, "Ni fasinja ne, ɗana. 'Yata ce direba."

Jami'in ya yi dariya, ya yi wa Iya sannu, ya ɗaga mana hannu. Sai da muka yi nisa na ga Baba yana goge ido da bakin rawaninsa. Da ya ga na gani, sai ya ce, "Kalli gabanki, binti."

Iya ta yi kwanakin da Allah ya ɗibar mata, kuma ba ta ƙara hawa keke zuwa asibiti ba har ta koma ga Mahaliccinta. Baba yana nan, takardunsa har yau ana cewa a jira. Yara sun laƙaba masa Baba Fasinja, yana amsawa.

A da ina ɗauka taimako shi ne mutum ya miƙe ya yi. Ranar nan na gane wani lokacin sai ya danne abin da ya fi iyawa a duniya, ya zauna, saboda wanda yake ƙauna. Allah Ya jiƙan Iya, Ya kawo wa Baba takardunsa tun idonsa na ganin titi.